Shekarar da Akwatin Baba Ladan Ya Yi Gaba

'Ya'yana, a cikinku waɗanda suka yi wayo kafin rasuwar Baba Ladan ba su da yawa. Sauran labarinsa kawai kuke ji a bakin mutanen unguwa, mutanen Maamobi ta nan Akra kuwa, Allah ya bar mu tare, idan suka riƙe labari sai sun ƙara masa gishiri. Da kunnena na ji wata mata a bakin famfo tana cewa wai tsufa ne ya taɓa masa hankali, har ya sa unguwa ta sha ruwa da rana tsaka a cikin azumi. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, hannuna kuma yana cikin abin dumu-dumu, shi ya sa na ga gara in rubuta muku shi tun ina iya riƙe biro.

Baba Ladan, wanda ni nake kira Yaya Tanko, shi ne babban ɗan mahaifinmu, ni ne auta. Tun ban san hagu da dama ba nake jin muryarsa a masallacin layinmu. Ya fara kiran salla tun babu lasifika, yana hawa wani tudun bulo a bayan masallaci, ya toshe kunne ya saki murya, ana jin sa har tsallaken babbar kwatar da ta raba mu da unguwar Nima. Gidanmu kuwa kun san shi, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, Dagombawa a nan, Zabarmawa a can, 'yan Kotokoli a ɗakin ƙarshe, kowa da irin Hausarsa, amma duk da muryar mutum ɗaya muke tashi. Mamanku da kiransa na farko take hura wutar koko da ƙosai. Bai cika duba agogo ba. Da rana inuwar katangar masallaci yake kallo, da yamma kuma ya ɗaga kai ya dubi sama ta kan rufin kwano, ya ce rana ta faɗi.

Sai ido ya fara tafiya. A hankali ya tafi, daga gefe zuwa tsakiya, har asibiti suka ce ba sauran abin da za su iya. Hanyar masallaci ba ta dame shi ba, ƙafarsa ta san kowane rami. Muryarsa ma tana nan. Lokaci ne ya gagara. Muka ɗora wa yaran gida su riƙa faɗa masa, yau su tuna, gobe ƙwallo ta ɗauke musu hankali. Aka sayo masa waya mai kiran salla, ya saurara sau ɗaya ya miƙo mini ita.

"Awudu, ɗauke wannan. Ni ne zan zauna wani Balarabe ya riga ni kira a cikin aljihuna?"

"To Yaya, yaya za mu yi?"

"Ni dai a faɗa mini lokaci ya yi. Sauran aikina ne."

A lokacin yayarku Rahinatu tana makarantar koyon fasaha, tana karatun kwamfuta, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Ita a shagona ta girma. Tun tana 'yar ƙarama take tsugunne a gindin teburina tana tsintar ƙusoshin rediyo, warin dalma ba ya damunta. Wata Asabar ta shigo shago ta ajiye mini wani ɗan allo kore a tafin hannu, bai fi kwalin ashana biyu ba, ta ce kwamfuta ce sukutum. Na yi dariya. Ni da na fara gyara tun rediyo yana da kwalabe a ciki, sai ka kunna ka jira ya yi ɗumi kafin ya yi magana. Ta ce za ta zuba masa lokutan salla na Akra na shekara guda cur. Da yake ɗakin Yaya babu intanet da zai riƙa tambayar lokaci, ta haɗa masa wani ƙaramin allo na daban, agogo ne, da batirinsa mai kama da kwabo. Ni kuma na kawo ƙwaryar wani tsohon rediyo, na sa lasifika, na haɗa batirin ajiya saboda ɗauke wuta. Ta naɗi muryarta a ciki. Kafin lokaci akwatin zai ce, "Baba Ladan, a yi alwala." Idan lokaci ya shiga ya ce, "Baba Ladan, lokaci ya yi."

Ranar da Yaya ya fara ji, ya shafa akwatin sama da ƙasa, ya ce, "Yanzu ka yi magana. Wannan 'yata ce, ta san ta bar wa babba kiransa."

Watanni aka yi lafiya lau. Duk Asabar Rahinatu ta zo, ta jona kwamfutarta, ta daidaita shi da lokacin wayarta, ta koma. Ni kuwa rayuwata a wancan lokacin ba ta wuce shago da masallaci da Alhaji Issaka ba. Alhaji Issaka abokina ne tun muna makarantar allo, tare aka yi mana bulala, tare muka yi aure a shekara ɗaya. Ya yi tuƙin trotro, motar haya ta cikin gari, har ya mallaki nasa motocin, ya zama shugaban kwamitin masallaci. Kullum bayan la'asar sai ya zo shagona da butar shayi, mu zauna a benci mu yi ta musun ƙwallo da siyasa har magariba. Mutum ne mai zafi, amma ba ya wasa da abin da ya shafi addinin mutane.

Sai shekarar dumso ta zo, wato lokacin da wuta take zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Azumin shekarar kuma ya faɗo a tsakiyar damina. A kwanakin farko na watan aka ɗauke wuta tun daren jiya, ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Batirin ajiya ya yi iya yinsa ya mutu, akwatin ya mutu tare da shi, da wuta ta dawo ya farka. Babu wanda ya lura. Ranar hadari ya rufe gari tun azahar, duhu kamar magariba ta yi. Mata sun jera koko da ƙosai da dabino a tsakar gida, kowa maƙogwaro ya bushe. Akwatin ya ce lokaci ya yi. Yaya ya tashi, ya taka zuwa masallaci, ya kira.

Na kai kofin ruwa baki na shanye, na ɗauki ƙosai. Sai na ji wani abu bai yi daidai ba. A Maamobi magariba ba ta zuwa da murya ɗaya. Idan wannan masallaci ya fara, na gaba ya karɓa, Nima ta amsa, sai gari ya cika. Ranar muryar Yaya ce kaɗai, daga ita sai shiru. Kafin in haɗiye ƙosan, hadarin ya tsage ta yamma, sai ga rana ja jawur a kan rufin gidaje, ba ta ma taɓa ƙasa ba. Mamanku ta ajiye ludayi ta ce, "Innalillahi." Wani yaro ya fito da waya yana ihu cewa saura kusan minti goma sha biyar. Ba da rana tsaka ba ne, kamar yadda ake faɗa, amma azumi ba ruwansa da kaɗan ko da yawa. Layi guda ya sha ruwa kafin lokaci.

Na sami Yaya a tsaye a ƙofar masallaci, mutane suna ta hayaniya a kansa, shi bai san abin da ake ciki ba. Na raɗa masa abin da ya faru. Ya laluba bango ya zauna a ƙasa. A duk rayuwata ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa ba tabarma.

Washegari bayan azahar Liman ya tara dattawa. Ya fara da cewa babu kaffara a kan kowa, kuskure ne, kowa ya rama rana ɗaya bayan salla. Sai Alhaji Issaka ya karɓi magana, da irin Hausarsa ta Akra wadda ba ta raba mace da namiji.

"Malam, rana bai faɗi ba aka kira. Akwai masu ɗaukar kaya a kasuwa, akwai tsofaffi, sun wahala tun safe, ya tafi a banza. Malam Tanko babanmu ne, ba wanda ya ƙi shi. Amma ido ya tafi. A bar shi ya huta, a sa mai gani."

Gaskiya ce ya faɗa, ban taɓa cewa ƙarya ya yi ba. Dattawa suka gyaɗa kai, alamar yarda. Na dubi Yaya yana zaune a gefe, kansa a ƙasa, yana jan carbi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kumasi, ido ya tafi. Abin da ya rage masa a duniya shi ne wannan kiran. Na san idan aka karɓe shi, ba zai ga wani azumin ba. Na kuma san Issaka, idan ka tare shi a gaban mutane ba ya mantawa. Na auna su biyun a zuciyata, na miƙe.

"Malam, Yaya bai yi kuskure ba. An ce masa lokaci ya yi, ya kira. Akwatin ne ya yi gaba, akwatin kuma daga shagona ya fito. A ba ni dama in gano ciwonsa. Kafin nan, ni ne idonsa. Duk salla biyar zan tsaya a gefensa da agogo a hannu."

"Awudu," in ji Issaka, "azumin mutane ba rediyo ba ne da za ka buɗe kana gwadawa."

"Mutumin da ya tashe mu tun muna yara ma ba tsohon batir ba ne da za a cire a yar."

Liman ya ce ya yarda, amma da sharaɗin kada Yaya ya kira magariba sai na tabbatar da bakina. Issaka ya tashi, ya ɗauki takalmansa, ya ce shi ba zai ɗora azuminsa a kan akwatin kowa ba. Daga ranar ya koma salla a wani masallaci a Nima. Da la'asar na share benci kamar kullum. Bai zo ba.

Na rufe shago. A sana'armu kuwa azumi shi ne kaka, kowa yana son talabijin da lasifikarsa su tashi kafin salla. Masu kaya suka zo suka kwashe, wasunsu ba su sake dawowa ba har na bar aiki. Mamanku kuwa, da aka gama azumi sai ta ƙara kwanon gero a kokon safe da take sayarwa, don ta cike giɓin.

Rahinatu ta iso da trotron farko, idonta a kumbure. Muka ɗora akwatin a kan tabarma a tsakar gida, inda haske yake. Ta jona kwamfutarta, ta ga lallai ya yi gaba, ta daidaita shi. Muka zuba masa ido yini guda, bai kuskure ko kaɗan ba. Abin da ya fi ɗaure mana kai ke nan. A aikin gyara babu abin da ya kai ciwon da yake ɓoyewa idan mai magani ya zo. Ta duba jadawalin lokutan da ta zuba, daidai. Ta duba ko an saita shi a kan lokacin Najeriya, a'a, da haka ne ma da awa guda zai yi gaba. Na auna wutar da take shiga allon da mita, lafiya lau. Sai na ce mata mu daina tambayar me ya lalace, mu tambayi me ya faru a ranar wanda bai saba faruwa ba. Ta ce batirin ajiya ya mutu. Na miƙa hannu na zare wayar wutar gaba ɗaya, muka jira ɗan lokaci, na mayar. Akwatin ya farka, ya koma gaba, daidai inda yake a ranar da aka yi abin.

Ta koma kan rubutun da ke kwamfutarta. Ta buga wani abu, ta sake bugawa, sai ta dafe kai.

"Baba, agogo biyu ne a ciki."

"Biyu kamar yaya?"

"Ɗaya yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana raye ne muddin akwai wuta. Ɗayan shi ne ƙaramin nan mai batir, shi ba ya barci. Idan wuta ta tafi ta dawo, babban ba ya tuna komai, sai ya tambayi ƙaramin ƙarfe nawa. Ni duk Asabar babban nake gyarawa. Na ɗauka da kansa yake sanar da ƙaramin. Ashe tun ranar da muka haɗa shi ba wanda ya sake taɓa shi, yana ta gudu shi kaɗai, kullum kaɗan-kaɗan."

Sai ta fashe da kuka, ta ce ita ce ta ja wa Baba Ladan. Yaya yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana jin mu. Ya ce ta matso, ya dafa kanta.

"Rahinatu, watanni nawa muryarki tana kai ni masallaci ba tare da na roƙi kowa ba? Share hawayenki ki koma ki gama aikinki."

Ta rubuta lokacin gaskiya a cikin ƙaramin agogon, ta kuma tsara yadda duk gyaran da aka yi wa babban zai sauka a kan ƙaramin. Muka zare wuta muka mayar, ya farka daidai. Ita hankalinta ya kwanta, ni nawa bai kwanta ba. Me ya sa ƙaramin yake gudu tun farko? Wannan ba a gane shi da gaggawa, sai an ba shi kwanaki. Ta koma makaranta, ta koya mini inda zan danna in ga lokacin ƙaramin, ni kuma kullum sai in gwada shi da ƙarar da gidan rediyo yake bugawa kafin labarai. Kafin mako ya zagayo na ga ya fara sata, kaɗan dai, amma kullum gaba.

Da ta dawo na ciro allon, na sa gilashina mai ƙara girma. Batirin nan mai kama da kwabo ya kumbura kamar an hura shi. Na bi layukan allon ɗaya bayan ɗaya, na ga waɗanda suka ƙera shi sun sa hanyar da take yi wa batir caji, namu kuwa ba irin mai karɓar caji ba ne, ɗura masa wuta kawai ake yi. Ya fara yoyo, danshin damina da iskar teku suka ƙara, har kore ya kama ƙafafun kiristal. Kiristal wata 'yar ƙwaya ce ta ƙarfe, kamar ƙwayar shinkafa, ita ce take kaɗawa agogo yana ƙirga. Na cire abin da yake kai cajin, na goge allon, na sa sabon batir. Da na zo kan kiristal ɗin, ina taɓa ƙafarsa ta gutsure. Na ce wa Rahinatu sai mun shiga gari neman wani, ko kuma mu sami tsohon agogon batir mai kyau, domin irinsa ne a ciki.

Yaya ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da agogon hannunsa wanda ya sayo a Makka, wanda ya ci gaba da ɗaurawa ranar Juma'a ko bayan ya daina ganin fuskarsa.

"Wannan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Cire abin da kake so."

"Yaya, idan na cire ya mutu ke nan."

"Ni ya daɗe da mutuwa a wurina, Awudu. Ka mayar da shi inda zan ji shi."

Tsufa ya fara taɓa hannuna a wancan lokacin, ga azumi. Rahinatu ta riƙe allon da hannu ɗaya, ta riƙe wuyan hannuna da ɗayan, na ɗiga dalmar. Ban taɓa yin aikin da na ji tsoronsa kamar wannan ɗigo biyun ba. Muka saita lokaci, muka rufe. Sauran gwajin dumso ce ta yi mana, ba sai mun zare waya ba. Wuta ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya, kullum akwatin ya farka daidai da rediyo.

Ban bar gefen Yaya ba har aka ga wata. Waɗannan kwanakin, duk da abin da suka ci mini, ba zan musanya su da komai ba. Muna tafiya masallaci hannunsa a kafaɗata, yana ba ni labarin mahaifinmu, yadda ya iso Sabon Zongo da fataken goro, da yadda Maamobi take tun ana noman rogo a inda yanzu ba wurin shanya. Abubuwa da yawa da kuke ji ina faɗa muku game da kakanninku, a wannan hanyar na ji su. A goman ƙarshe Liman da kansa ya ce in koma shagona, akwatin ya isa. Na ƙi, na ce sai na cika alkawari.

Yaya ya ci gaba da kiran salla shekaru bayan haka, ba a sake samun matsala ba. Rahinatu ta gama karatu, aikin irin waɗannan allunan take yi yanzu, ku tambaye ta. Issaka kuwa muna haɗuwa a suna ko a jana'iza, mu gaisa kamar surukai, kowa ya kama gabansa. Mamanku ta aika masa da abinci, ya karɓa ya yi godiya. Liman ya kira mu, muka yi musafaha, amma shayin la'asar bai dawo ba. Na yi kewarsa fiye da yadda na nuna muku.

Yaya ya rasu bayan gajeruwar jinya, kwanaki kaɗan ne bai je masallaci ba. Da aka ɗauki makara, na ji wani ya sa kafaɗa a gefena yana numfashi da ƙyar. Issaka ne, ya tsufa, gwiwa ta ci ƙarfinsa, amma ya ƙi sakin makarar har bakin mota. Bayan an rufe kabari mutane sun fara watsewa, ya tsaya kusa da ni yana kallon ƙasa.

"Awudu."

"Na'am, Alhaji."

"Daga Nima ana jin shi, ka sani."

"Na sani."

"Duk shekarun nan, da azumi ladanin can zai kira, ni ba na taɓa ruwa. Sai na ji Malam Tanko."

Ya kama hannuna saboda gwiwarsa, muka taka a hankali har inda motoci suke. A ranar a masallacin layinmu ya yi magariba, a sahun farko, kafaɗarsa a jikin tawa.